Yankari ko Kenya? Amsa ga uwar da za ta kawo 'ya'yanta gida a watan Agusta

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffiyar Gwammaja ce, amma shekara goma sha biyu ke nan muna zaune a Ingila da maigidana, ina aikin jinya. Yaranmu uku, babban shekararsa 11, mai bi masa 8, autar 4, duk a can aka haife su. Muna shirin zuwa gida a dogon hutunsu, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Babban ya hana mu sakat, shi dai sai ya ga giwa da zaki a daji, ba a keji ba. Na ce mu ratsa ta Kenya, maigida ya ce asarar kuɗi ce tunda ga Yankari a kusa da gida. Don Allah wanne ya fi, kuma me ya kamata mu shirya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran, ya sa masu jin ƙanku ne. Tambayar taki guda ce a baki, amma biyu ce a ciki. Ta farko, ina ne yaro zai ga giwa tana kiwo a dajinta. Ta biyu, yaya za a yanki kwanakin wannan tafiya daga hutun da dangi suka riga suka rabe a tsakaninsu tun ba ku sauka ba. Ta farkon ba ta da wuya. Maigida ya faɗi gaskiya a kan kuɗi, sai dai watan da kuka zaɓa bai goyi bayansa ba. Agusta watan Kenya ne. Yankari kuwa kakarta daga Disamba take zuwa Afrilu.

Shekarata goma sha biyar ina harkar tikiti da biza a nan cikin Kano, kuma mafi yawan cinikina Umara ne. Kallon namun daji daga baya ya shigo, lokacin da 'yan'uwanmu mazauna waje suka fara zuwa hutu da yaran da suka saba ganin dabbobin Afirka a talabijin, suna sauka filin jirgin Malam Aminu Kano suna tambayar ina suke. Na kai iyalai Yankari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na kuma raka wasu Kenya sau huɗu. A kan abin da idona ya gani zan yi magana. Ita kalmar safari da yaran suke faɗa ma ba baƙuwarmu ba ce. Ta Suwahili ce, su ma daga Larabci suka aro ta, daga tushen da ya ba mu "safara". Kakanni sun yi safarar goro daga Gwanja, jikoki suna safarar ido.

Dalilin da ya sa wata ya fi wuri muhimmanci

Dabbar daji ruwa take bi, ba ruwanta da baƙo. A Yankari kogin Gaji ne ya ratsa gandun, kuma shi ne ba ya ƙafewa. Idan rani ya yi nisa, kududdufai suka bushe, ciyawa ta kwanta ko ta ƙone, duk wani mai rai a dajin sai ya gangaro fadamar Gaji safe da yamma: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza. Motar kallo kuma bakin fadamar take bi. Ke nan ba ke kike neman su ba, ƙishirwa ce take kawo miki su. A Agusta lissafin juyewa yake. Ruwa ko'ina, gamba ta fi tsayin mutum, ganye ya rufe, ga dajin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Giwayen da suka rage, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, sai su bazu, wasu har su fita gonakin ƙauyukan da ke gefe. Garke guda zai tsaya taku talatin daga mota ba wanda ya san da shi. Wasu hanyoyin cikin dajin ma ba sa biyuwa saboda laka.

Da kuɗin mutane na koyi wannan darasi. Shekarun baya wani bawan Allah ya zo daga Amurka da iyalinsa a tsakiyar damina, ya ce Yankari yake so, ni kuma ban ce masa a'a ba don ina kwaɗayin cinikin. Sau uku muka fita kallo cikin kwana biyu. Abin da muka gani: gwaggon biri, mugun dawa, mazo ɗaya da ya gilma kamar walƙiya, sai kashin giwa a tsakiyar hanya, ɗanye shakaf, ƙudaje na bi. Ɗan jagora ya sauka yana tona shi da sanda yana cewa ai ba ta yi nisa ba. 'Yar mutumin, mai shekara tara, ta karɓi wayar babanta ta ɗauki hoton kashin, ta juyo ta ce mini da gurguwar Hausarta, "Kawu, wannan zan nuna wa malama?" Tun daga ranar ban ƙara kai kowa a damina da alkawarin giwa ba.

A gabashin Afirka abin akasin haka ne. Daga Yuli zuwa Oktoba rani ne a can, kuma gandun dajin Masai Mara na Kenya fili ne fetal, gajeriyar ciyawa, itatuwa jefi-jefi, ido yana kai wa inda ya ga dama. A wannan lokacin ne kuma babbar ƙaurar dabbobi take isowa daga Serengeti ta Tanzaniya. Wata dabba ce da Suwahili ke kira nyumbu, jikin gwanki, kan saniya, ga gemu, sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa dubbai, suna tsallaka kogin Mara, kadoji na jiran su a ruwa, zakuna na jiran su a tudu. Dogon hutun makarantun Ingila ya faɗo daidai kan wannan, shi ya sa komai yake wuta a watan.

Yankari a lokacinta

Kada ki ɗauka kushe Yankari nake. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Daga Kano ana bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, wajen kilomita 300. Daga nan a hau hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiyar kilomita arba'in da wani abu cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Wanda ya bar Kano bayan asuba zai isa wajen la'asar ba tare da ya takura direba ba.

Gara yaro ya san abin da babu tun daga gida. Babu raƙumin dawa, babu jakin dawa, babu karkanda. Zaki akwai, amma 'yan ƙalilan ne, kuma duk zuwan da na yi ban taɓa sa shi a idona ba, gurnaninsa kawai na ji sau ɗaya cikin dare. Mai son raƙumin dawa da jakin dawa ya yada zango a gandun Sumu, tsakanin Ningi da Bauchi, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006.

Abin da Yankari take da shi wanda Masai Mara ba ta da shi kuwa shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kina ƙirga yatsun ƙafarki a kan yashi. Wajen bakin dutsen yana shanye babban mutum, amma can ƙasa iya gwiwa ne, autarki ma za ta yi wasa a ciki in ana riƙe da ita. Da sanyin safiyar hunturu za ki ga tururi yana tashi a kansa. Matan da na kai na lura sun fi sakewa da zarar an idar da asuba, kafin samari su cika wurin, musamman a ƙarshen Disamba da jama'a ke tururuwa. Akwai kuma kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da ɗan gidan tarihi mai fatu da haurin giwa da tarkunan da aka ƙwace wa mafarauta. Yara maza ba sa son fitowa daga nan.

Sarakan masaukin kuwa gwaggon biri ne. Sun iya murɗa hannun ƙofa, sun san ƙarar leda, sun kuma gane cewa mace da yaro ba sa iya korar su. A gabana wani ƙato ya shiga ɗakin wata Hajiya tana sallah, ya ɗauki kular dambun nama da ta taho da ita tun daga Kano, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana kwance murfin a hankali kamar shi ya saye ta. Ta sallame tana salati, yaranta na dariya har da faɗuwa. Abin dariya ne, amma a riƙa kulle ƙofa da makulli, kada kuma yaro ya fito da abinci a hannu. Cizo ko yakushin biri maganar asibiti ce da allurar haukan kare, ba ta man zafi ba.

Sai tsaro. A 'yan shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri, inda gandun yake. Ni ƙa'idata, ina kiran mutanena na Bauchi a satin tafiyar, ba wata guda kafin nan ba, kuma ba na bari dare ya yi mana a hanya. Ki kuma duba inshorarku. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta daɗe tana sa Kano da Bauchi cikin wuraren da take cewa kada a je sai da larura, kuma inshorar tafiya ta gama-gari takan ƙi biya idan abu ya faru a irin waɗannan wurare. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suna saye ne kawai ba sa karanta wannan layin.

Kenya hanya biyu ce

Kowa Masai Mara yake ambata, to bari mu fara da ita. Daga Nairobi awa biyar zuwa shida ne a mota, ƙarshen hanyar kuma akwai gargada. Ƙaramin jirgi daga filin jirgin Wilson da ke Nairobi bai cika awa ɗaya ba, amma kaya kilo 15 kacal ake yarda kowa ya ɗauka, a jaka mai laushi, ba akwati ba. Kuɗin ƙofa kuwa, tun da aka sauya farashi a 2024, babban mutum baƙo dala 200 yake biya a kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 a sauran watanni. Ke da maigida, kwana uku, dala 1,200 ke nan, ba a yi maganar makwanci da mota da abinci da na yara ba. A nan dole a sara wa maigida.

Sannan tsallaka kogin nan da ake nunawa a talabijin ba shi da agogo. Na taɓa raka wani iyali har da kakar yaran, tsohuwa 'yar cikin gari. Muka tsaya a bakin kogin Mara tun hantsi, motoci sun fi talatin a jere, nyumbu sun taru a ɗaya gaɓar baƙi ƙirin har iya ganinki. Na gaba ya sauko ya shinshina ruwa, ya koma. Wani ya sauko, ya koma. Awa huɗu muna nan, ƙaramin yaron ya yi kuka ya gaji ya yi barci, babu halin sauka ko don fitsari. Daga ƙarshe garken ya juya ya yi tafiyarsa. Tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "Yanzu shanun nan muka hau jirgi biyu muka zo gani? Ai da kun kai ni Wudil ranar Juma'a." Washegari kuwa muka tarar da zakanya da 'ya'yanta uku a gindin wata bishiya, kusa har muna jin numfashinta, tsohuwar nan ba ta ce uffan ba sai tasbihi. Haka Mara take. Za a ga zaki, kusan tabbas. Amma ana biyan sa da dogon zama a mota, kuma 'yar shekara huɗu ba ta da wannan haƙurin.

Shi ya sa ga mai ƙananan yara na fi son hanya ta biyu, wadda ba a cika tallata ta ba. Kwana biyu a Nairobi. Gandun dajin Nairobi, wanda aka kafa a 1946, a bakin gari yake, za ki ga raƙumin dawa yana kiwo dogayen benaye na bayansa. Akwai zaki, karkanda, ɓauna, jakin dawa da jimina, giwa ce kawai babu. Fitar safiya ɗaya ta isa, kafin azahar kun dawo otal. A unguwar Langata kuma akwai inda yara ke ba raƙumin dawa abinci da hannunsu. Daga nan ku hau jirgin ƙasan Madaraka, wanda ya fara aiki a 2017 tsakanin Nairobi da Mombasa, ku sauka a Voi, ƙofar gandun dajin Tsavo ta Gabas. Nan ne gidan giwaye, jajaye saboda jar ƙasar da suke birgima a ciki, kuma da yawan masaukan suna kallon wani tafki ne da giwayen ke zuwa sha, yaro yana cin abinci yana kallonsu ba tare da an ɗaure shi a mota ba. Tun daga tagar jirgin ma akan hango su. Babban naki zai so labarin zakuna biyu na Tsavo da suka riƙa cinye leburorin da ke shimfiɗa tsohon layin dogo a 1898 har aiki ya tsaya. Gawarwakinsu na nan a wani gidan tarihi a Chicago.

Bayan kwana biyu ku ƙarasa Mombasa a jirgin. Nan kam kamar gida ne: kiran sallah ta ko'ina, mata da hijabi, shinkafar pilau da biriyani, ba sai kin tambayi wanda ya yanka ba. Ga teku, ga ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka gina a 1593. Ki sa yaran su kasa kunne su tsinci kalmomin da suka sani: habari da labari, dunia da duniya, sabuni da sabulu, kalamu da alƙalami, hatari da hatsari. A masaukan cikin daji ne ake buƙatar tambaya, don akan jera naman alade a teburin karin kumallo. A gaya musu tun wajen kama ɗaki, sun saba da baƙi Musulmi.

Abu biyu da kan ba mutanenmu mamaki. Na farko sanyi. Nairobi tana kan tudu, sama da mita 1,600, kuma Yuli da Agusta ne sanyinsu. Fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota sai da rigar sanyi, kada ki bar su a Ingila da tunanin ai Afirka za a je. Na biyu alƙibla. A Kenya arewa ake fuskanta, ba gabas ba. Na ga dattijo ya shimfiɗa darduma yana kallon fitowar rana bisa sabo, sai da mai gadin wurin ya juya shi. Lokutan fita kallo kuwa ba sa cin karo da sallah: a fita bayan asuba a dawo da hantsi, a sake fita bayan la'asar a dawo da magariba. Ranar da za a wuni a daji, ku matafiya ne, ga kasaru ga haɗa azahar da la'asar a wurin da aka yarda a sauka cin abinci.

Akwai masu zuwa Afirka ta Kudu saboda gandun Pilanesberg da Madikwe da babu zazzaɓin sauro a cikinsu. Ban taɓa kai iyali can ba, kuma ta yi nesa da hanyarku, don haka na bar ta.

Kafin Kano ko bayan Kano?

Kafin. Wannan ba na ko tantama. Jirgin Habasha yana zuwa Landan, yana zuwa Nairobi da Mombasa, yana kuma sauka Kano, duk ta Adis Ababa, don haka ana iya yanka tikiti ɗaya mai zango-zango maimakon saye daban-daban, kuma yawanci ya fi sauƙi. Dalilina na cewa a fara da Kenya uku ne. Kuɗin da ya shigo Kano ba ya fita da rai: ga gudummawar biki, ga kuɗin makarantar ɗan ƙanwa, ga rufin ɗakin Inna da damina ta yaye. Na ga iyalai biyu da suka bar kallon dabbobi sai a komawa, dukansu suka soke. Na biyu, idan yaro ya kwashi zazzaɓi ko ciwon ciki a gida, gara ya bayyana kuna kusa da asibitin da kika sani, ba a tanti cikin daji ba. Na uku, kayan komawa. Kuka, daddawa, kuɓewa, yaji, duk a ƙulle a leda, ita kuwa Kenya ta haramta jakar leda tun 2017. Kilishi da dambun nama da man shanu ma dai kin san Ingila ba ta yarda a shigar mata da nama da kayan madara daga nan ba, a cinye su a Kano.

Matsalar fara wa da Kenya ita ce tsaraba, akwatuna goma na takalma da turare da cakulan. Ki turo su ta kago sati uku ko huɗu kafin ku taso, ku riƙe jakunkunan tufafi kawai. In hakan bai yiwu ba, otal-otal na Nairobi suna ajiye wa baƙo kaya, sai dai dole ku dawo ta Nairobi ɗin ke nan.

Sauro da takardu

Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin wannan fanni, ni ba likita ba ne. Amma zan faɗi abin da nake gani. Waɗanda suka fi komawa Ingila da zazzaɓin cizon sauro ba Turawa masu yawon buɗe ido ba ne, mu ne, masu zuwa ganin gida, saboda muna cewa ai a ciki muka girma. Ɗan kariyar da jiki ya saba da ita tana zagwanyewa bayan shekaru a waje, yaranki kuwa ba su taɓa samun ta ba. Ga shi Agusta da Satumba ne ganiyar zazzaɓi a Kano, lokacin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna raba wa 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi. Tsavo da Mombasa da Mara ma duk akwai shi. Ku je asibitin matafiya sati shida kafin tafiya. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro na Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, kullum, har kwana bakwai bayan fita, kuma na yara da nauyinsu ake aunawa. Na mutum biyar na sati biyar kuɗi ne mai kauri, a sa shi cikin lissafi tun yanzu don kada a zo a ce a bar na manya. Gidan sauro ki taho da naki. Kuma ki shirya wa gorin dangi, za a ce kin mayar da 'ya'ya ƙwai. Ki yi murmushi ki ba su maganinsu. Kada kuma su shiga ruwan Tiga ko wani kududdufi komai nacin 'yan'uwansu, saboda tsargiya.

Allurar rigakafin ciwon shawara wajibi ce, ƙasashen biyu duk suna iya tambayar katin. Sai ta kwana goma take fara aiki a takarda, amma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har abada, don haka in kina da tsohon katinki ki nemo shi. Fasfo kowanne ya zama da sauran wata shida. Yara su shigo Najeriya ko dai da fasfon Najeriya, wanda yanzu sai da lambar NIN, ko da biza a kan na Birtaniya, kuma duka biyun suna cin lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Kenya ta soke biza a farkon 2024 ta koma izinin shiga da ake cikewa ta intanet, kowane yaro da nasa, daga baya kuma ta sassauta wa mafi yawan ƙasashen Afirka. Ki tabbatar da ƙa'idar ranar daga kamfanin jirgin, don shi ne zai hana ku hawa.

Dangi

Yanzu ga mai wuyar. Hutun gida ba hutu ba ne, kin sani. Gaisuwar rasuwar shekara uku da aka tara miki, barkar haihuwa, kamu, yini, gidan surukai a Fagge, gidan gwaggo a Ɗorayi, kowa kuma yana ƙirga wa aka fara zuwa wajensa. Idan kuka sauka Kano sannan kuka ce za ku ɗauke sati guda ku je kallon dabbobi, za a ji haushi, kuma ba za a faɗa miki ba sai bayan kin tafi. Idan kuwa kun biyo ta can ne kafin ku iso, ba wanda ya rasa komai, hanya ce ta biyo da ku. Ranar isowarku Kano kawai za ki sanar.

Yankari kuwa amfaninta dabam ne, kuma a nan nake ganin maigida yana da wata gaskiyar da bai faɗa ba. Kenya ku biyar za ku je. Yankari ana ɗaukar shatar homa guda a zuba kaka da 'ya'yan yayye da na ƙanne, a yi girki a tafi da shi, kuɗin duka bai kai na ƙofar Mara ba. Yaran da suka kwana uku suna wanka a Wikki da 'yan'uwansu, suna gudun biri tare, sun fi saurin kama Hausa da sanin dangi a kan waɗanda aka yi ta zagayawa da su falo-falo ana cewa su gaida Baba. Amma wannan tafiyar Disamba ce. Hutun sati biyu ne kawai, tikiti na tsada, hazo kan hana jirgi sauka Kano wani lokaci, kuma kada ku ce za ku ƙara sati a kai: tun Agustan 2024 tarar fashin makaranta a Ingila fam 80 ce kan kowane yaro, kan kowane mahaifi, manyan naki biyu fam 320 ke nan. Hutun Ista ya fi kowanne ganin dabbobi a bakin Gaji, sai dai zafin Afrilu yana haura digiri 40, ban cika son sa ga yaran da ba su saba ba.

Da ni ne ke, bana zan yi kwana bakwai a Kenya ta hanyar jirgin ƙasan nan, in ƙaraso Kano in yi sati huɗu, in ajiye Yankari sai wani Disamba. Idan kuma aljihu bai ba da hali ba, taura biyu ba ta taunuwa: ku taho gida kai tsaye, a hau Dala da yamma, a je marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da Kurmi, a gaya wa yaro gaskiya cewa giwa sai rani. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne Yankari a Agusta da sunan ganin giwa.

Shi kuma babban, kada a yi masa alkawarin zaki, a ce masa nema za a je. Ki saya masa ƙaramin madubin hangen nesa da littafin rubutu, ya ja layi uku a kowane shafi. Duk dabbar da ya gani ya rubuta sunanta da Turanci, ya tambayi direba na Suwahili, layi na uku ya bar shi fayau har sai kun iso Gwammaja kakarsa ta cike masa da Hausa. Nyumbu ce kawai za ta gagare ta.